Ƙannena Masu Gina Manhaja, Ku Riƙe Amanar Jerin Zaɓi

Ƙannena masu koyon gina manhaja, akwai wani ɗan akwati a fom ɗin intanet da kowannenku ya sha dannawa: ka taɓa shi, jerin sunaye ya zubo, ka zaɓi ɗaya ka wuce. Jiha, ƙaramar hukuma, banki, sashen karatu. A ajin koyon aiki ba a daɗewa a kansa, an fi son a yi sauri a kai ga abin da ke ɗaukar ido. Ni kuwa a ganina babu ɓangaren fom da ya kai shi buƙatar natsuwa. A sauran gurabe mutum yana rubuta abin da ya ga dama da hannunsa. A wannan akwati ba shi da bakin magana sai wanda kai ka ba shi. In garinsu ba ya cikin jerin, to a wurin manhajarka babu garin a duniya. In kuma fom ɗin ba zai wuce ba sai an cika gurbin, ka tilasta masa faɗin abin da ba haka ba ke nan. Maganar za ta zauna a rumbun bayanai da sunansa, shi za a tuhuma ranar tantancewa, kai kana gida.

Yawancinku kun fara ne da rubuta sunayen kai tsaye a jikin shafi: Abia, Adamawa, Akwa Ibom, har zuwa Zamfara, a haɗa da Abuja. Yana aiki, malami ya ba da maki. Sai dai ƙasa ba ta tsayawa wuri ɗaya. A 1967 jihohin Najeriya 12 ne. A 1976 suka koma 19, a 1987 suka zama 21, a 1991 suka kai 30, a 1996 suka cika 36. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996, Gombe daga Bauci a wannan shekarar. Jihar Gongola, wadda iyayen wasunku suka yi makaranta a cikinta, an raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba. Sunanta ya ɓace daga taswira, amma yana nan a takardun mutane. Wani zai ce ai tun 1996 ba a ƙara taɓa komai ba. An taɓa. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya sauya sunan ƙaramar hukumar Kunchi ta jihar Kano zuwa Ghari, tare da wasu ƙananan hukumomi a kudu. 'Yan'uwanmu na Gana sun ga yankunan ƙasarsu sun tashi daga 10 zuwa 16 bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2018. Bankuna kuwa sun fi kowa saurin sauya kama: a ƙarshen 2005 sun ragu daga 89 zuwa 25, a 2018 Polaris ya gaji Skye, a 2019 Diamond ya narke cikin Access.

Wanda ya rubuta sunaye a jikin shafi, duk ranar da irin wannan ta faru sai an nemo shi. In manhajar tana da fom shida, sau shida zai yi gyaran, kuma da wuya bai manta da guda ba. Daga nan fom ɗin rajista yana cewa Ghari, na biyan kuɗi yana cewa Kunchi, rahoton ƙarshen wata ya ƙirga su wurare biyu. Shi ya sa ake ba jerin tebur nasa na kansa a rumbun bayanai, kowane abu da layinsa, duk fom ɗin da ke buƙata ya ɗebo daga can lokacin da aka buɗe shi. Wannan ba ya wuyar koyo. Wahalar tana gaba, domin daga ranar da ka ɗaure jeri da rumbu, kowane layi a teburin nan bayanan mutane ne rataye a jikinsa, kuma duk abin da ka yi wa layin, su ka yi wa.

Kowane zaɓi a akwatin nan abu biyu ne a haɗe: rubutun da mai cika fom yake gani, da ƙimar da burauza take aika wa sabar idan ya danna maɓalli. Rubutun na ido ne kawai. Abin da za ka aika, ka kuma adana, shi ne lambar shaidar layin, wadda ba ta sauyawa har abada. In a teburinka Kunchi lamba 27 ce, to ranar da ta zama Ghari kalma ɗaya za ka gyara a layi ɗaya, duk masu riƙe da lamba 27 su tashi da sabon suna ba tare da an taɓa bayanan kowa ba. Akwai ma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne, amma wasu sunayen suna maimaituwa. Akwai Nasarawa a cikin birnin Kano, akwai Nasarawa a jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi. Obi tana Binuwai, tana kuma jihar Nasarawa. Surulere tana Legas, tana Oyo. Wanda ya adana suna tsuransa, ranar da aka ce ya fitar da mutanen Bassa zai gwamutsa na kusa da Jos da na bakin kogin Binuwai, kuma ba shi da hanyar sake raba su.

Wasu kuma sun guje wa suna, sai suka faɗa ramin da ya fi zurfi: suna adana matsayin abu a jerin, wato na nawa ne daga sama. Ku duba abin da sauyin suna guda yake yi wa mai wannan dabara. Kunchi tana zaune bayan Kumbotso. Ghari ta koma can sama, bayan Gezawa. Duk sunayen da ke tsakani sun matsa da taki ɗaya. Mutumin Gwarzo ya wayi gari ɗan Gwale ne, na Kabo ya koma Gwarzo, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito ya faɗakar da kowa. Haka nan lambar shaidar da aka taɓa ba wani abu, ba a sake ba wani ita, ko da abin ya daina aiki.

Tunanin nan na nuni da lambar shaida ya girme mu duka. Tun 1970 Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, ya shimfiɗa tsarin tebura masu alaƙa da juna, inda ake ajiye bayani wuri guda, sauran tebura su yi nuni gare shi da mabuɗi. MySQL da PostgreSQL da SQL Server duk suna ba ka damar ayyana wannan alaƙa, ta yadda rumbun da kansa zai ƙi karɓar lambar da ba ta cikin jerin. Na san da yawa daga cikinku ba ku ayyana ta, wai tana yawan kawo kuskure lokacin gwaji. Ai kuskuren nan shi ne aikinta. Gara ta tsayar da kai a ɗakinka da ta bar ɓarna ta wuce zuwa bayanan jama'a. Inda kuma duniya ta riga ta yi ittifaki kan lambobi, kada ku ƙirƙiri naku: hukumar ISO ta ba Najeriya NG, Nijar NE, Gana GH, jihar Kano NG-KN, Katsina NG-KT. Ku ajiye su a teburin, za su yi muku rana duk sa'ad da manhajarku za ta yi musayar bayanai da ta wasu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Wata rana mai manhajar zai kira ka ya ce, "Malam, bankin nan ai babu shi yanzu, cire mana shi." Ko shugaban makaranta ya ce an rufe sashe kaza. Hannunka zai yi ƙaiƙayin share layin daga tebur. Kada ka share. Ɗaya daga cikin abu uku ne zai faru. In ba ka ayyana alaƙa ba, layin zai tafi, bayanan duk waɗanda suka taɓa zaɓarsa su zama marayu, suna riƙe da lambar da ba ta nuni ga komai. A rahoto gurbinsu ya fito fayau, ko ma su ɓace daga rahoton gaba ɗaya. In ka ayyana alaƙa amma ka ce shara ta bi duk abin da ke rataye, to share sashe guda zai tafi da ɗaliban sashen, da makinsu, da rasitansu, cikin ƙiftawar ido. In kuwa ka ce rumbun ya hana, zai ƙi, kuma wannan ne kaɗai alheri a cikin ukun. Masu aiki da Django suna da zaɓin PROTECT domin haka. Ku mayar da shi al'adarku a duk teburin da jerin zaɓi ke ɗebowa.

Mai kanti ba ya yage shafi daga littafin bashi don abokin ciniki ya tashi daga unguwa. Yana daina rubuta masa sabon kaya, shafin kuwa yana nan, domin lissafin bara ba zai tashi ba sai da shi. Haka za ku yi. Ku ƙara gurbi a teburin da ke nuna ko abu yana aiki ko ya yi ritaya, da ranar da ya yi. Fom ɗin sabuwar rajista ya nuna masu aiki kaɗai. Rahoto da tsofaffin bayanai su ci gaba da ganin kowa. Laravel yana da irin wannan shara ta jeka-na-yi-ka, wadda ke sa wa layi kwanan wata maimakon ta goge shi, amma ku sani tana ɓoye layin har daga tsofaffin bayanan da ke nuni gare shi, sai in kun ce a haɗo da shi. In abu ya narke cikin wani, kamar banki cikin banki, ku ƙara gurbin da zai nuna wanda ya gaje shi, don ranar da za a tambaya a san inda aka dosa.

Ko bayan kun yi duk wannan, akwai tarko guda da ya rage, kuma shi ya fi kama ƙwararru. Ku zo mu tsaya a bayan akawun wata ƙungiyar manoma mu ga yadda yake faruwa. Wata dattijuwa ta zo sauya lambar waya. Akawu ya buɗe shafin gyara bayananta. Shafin ya ɗebo jerin bankuna masu aiki, ya nemi bankin da ta zaɓa shekarun baya don ya nuna shi, bai same shi ba, saboda an yi masa ritaya. To ɗabi'ar burauza ita ce, in ba a ce mata ga zaɓaɓɓe ba, sai ta nuna na farko a jerin. Akawu idonsa yana kan gurbin waya. Ya goge tsohuwar lamba, ya sa sabuwa, ya danna maɓallin adanawa, ya ce, "Hajiya, an gama, a sauka lafiya." Ta yi godiya ta tafi. A rumbun bayanai kuwa bankinta ya koma wani banki da ba ta taɓa shiga ba. Ranar rabon kuɗi nata ya dawo, aka ce lambar asusu ba ta dace ba. Za a zargi akawu, shi kuma zai rantse bai taɓa gurbin banki ba, kuma gaskiya ya faɗa. Laifin na wanda ya gina shafin ne. Gyaran ba shi da yawa: a shafin gyara, jerin ya ƙunshi masu aiki, a ƙara da abin da mutumin yake riƙe da shi yanzu ko da ya yi ritaya, a rubuta a gefensa cewa an daina amfani da shi. Da akawun ya ga haka, da ya tambaye ta, "Hajiya, yanzu wane banki kike?"

Ku kuma bambance gyaran suna da sauya abu. Kunchi ta zama Ghari: wuri ɗaya ne, mutane ɗaya, suna ne ya sauya, don haka layin nan za a gyara. Amma a ce makaranta ta rufe sashen lissafi ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta, sai mai kula da jerin ya ga ai ga layi nan ba kowa, ya goge "Lissafi" ya rubuta "Kimiyyar Kwamfuta" a kai. A wannan daƙiƙar duk wanda ya taɓa kammala lissafi a makarantar ya zama ya karanta kwamfuta, har waɗanda suka fita tun kafin a buɗe sashen. Sabon abu, sabon layi, sabuwar lamba. Takardun da aka riga aka bayar kuwa, irin su rasit da sakamakon jarrabawa, ya kamata su riƙe kwafin sunan yadda yake ranar da aka buga su, domin in an sake bugawa bayan shekaru su dace da wanda ke hannun mai shi.

Wani lokaci matsalar ma tana cikin tambayar da fom ya yi. Mutumin da aka haifa a Haɗeja a 1985, a jihar Kano aka haife shi, haka takardar haihuwarsa ta ce. Yau kuwa ɗan Jigawa ne. In fom ɗinka ya ce "Jiha" kawai, wacce zai zaɓa? Ta haihuwa, ta asali, ko wadda yake zaune? Ka tambayi mai aikin tun ran gini tun ran zane, ka rubuta amsar ɓaro-ɓaro a saman akwatin.

Ɗabi'ar nan ta burauza, ta nuna na farko, ita ce dalilin da ya sa dole layin farko na kowane jeri ya zama na umarni, marar ƙima: "Zaɓi jiharka". In ba haka ba, duk wanda ya tsallake gurbin cikin sauri ya zama ɗan Abia, duk Bakanon da bai lura ba ya zama ɗan Ajingi, kuma ba za ka taɓa iya raba na gaskiya da na tsautsayi ba. Layin umarnin a shafi ake ƙara shi, ba a saka shi cikin teburin kamar shi ma jiha ce. Masu aiki da tsohon tsarin fom na ASP.NET, wanda har yanzu ofisoshi da dama suke kai, su kula da abu biyu. In ka sake ɗaure jerin duk lokacin da shafi ya dawo daga sabar ba tare da duba IsPostBack ba, zaɓin mutum zai goge kafin ka karanta shi. In kuma ka kunna AppendDataBoundItems don layin umarni ya tsira, sannan ka sake ɗaurewa ba ka fara wanke jerin ba, sunaye za su ninku, Kano biyu, Kano uku.

Babu mai hankalin da zai zuba sunaye 774 a akwati guda ya ce mutum ya nemo nasa a fuskar waya. Ana fara zaɓar jiha, sannan akwati na biyu ya ɗebo nata kaɗai: 44 in Kano ce, 34 in Katsina ce, 27 in Jigawa ce. Abin kula shi ne in mutum ya koma ya sauya jiha, akwati na biyu ya koma fanko nan take, kada a wayi gari da wanda jiharsa Sakkwato, ƙaramar hukumarsa Funtuwa. Ku tuna kuma ba kowa ke da intanet irin na ofishinku ba. A ƙauye jerin na biyu yana iya jinkiri; ku nuna wa mutum cewa ana ɗebowa, ku ba shi maɓallin sake gwadawa in ya ƙi zuwa. Jerin da ba ya sauyawa kullum a ajiye kwafinsa kusa, kada a dinga tashin rumbu kowace daƙiƙa, amma a tabbata kwafin yana sabuntuwa idan an yi gyara.

Kada ku ɗauka don kun ba mutum zaɓi goma, ɗaya daga goman ne zai iso sabar. Duk wanda ya san kan burauza yana iya buɗe kayan binciken shafi ya sauya ƙimar da hannunsa, ko ya aiko da saƙon ba tare da ya buɗe shafinka ba ma. Saboda haka sabar ta sake tambaya da kanta: lambar nan tana cikin tebur? Tana aiki? Ƙaramar hukumar nan ta jihar nan ce? Wannan mutumin yana da izinin zaɓar wannan? Tambayar ƙarshe ita ce ake yawan mantawa. In ka ɓoye "Shugaba" daga jerin muƙamai a shafi kawai, sabar ba ta dubawa, to ka bar ƙofa a buɗe. Kuma kada ku taɓa liƙa abin da ya zo daga fom kai tsaye cikin umarnin SQL. Ku yi amfani da shiryayyen umarni mai gurabe, wanda kowane yaren manhaja yake da shi. Ko ba ɓarawo, sunayenmu kaɗai sun isa su tona asirin mai sakaci. Jama'are a Bauci, Jema'a a Kaduna, Mai'adua a Katsina, Qua'an Pan a Filato, duk suna ɗauke da alamar da SQL ke ɗauka a matsayin ƙarshen magana. Manhajar da ta faɗi don an zaɓi Jama'are, ta wannan ɓarakar ce mai mugun nufi zai shigo.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma ku ne za ku gyara shi, don babu wanda zai zo daga waje ya gyara mana: haruffanmu masu lanƙwasa. Ɓ da Ɗ da Ƙ duk suna da gurbinsu a Unicode tun tuni. Amma kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, tsarin haruffan da rumbun ke zuwa da shi latin1 ne, wanda bai san su ba, kuma tsofaffin rumbuna da yawa suna nan a haka. Ka rubuta Ƙanƙara, ya adana ?an?ara. Ku sa utf8mb4 a tebur, ku sa shi a hanyar da manhaja ke magana da rumbu, shafin ma ya ayyana UTF-8. In ɗaya ya kuskure, harafin ya lalace a hanya. Sannan ku duba tsarin jerantawa. In rumbun yana jera sunaye bisa lambar harafi tsagwaronta, Ɗandume da Ɗanja da Ƙanƙara za su taru a can ƙasan Zango. Yarinya ta zo shagon kwamfuta cika fom ɗin tallafin karatu, ta duba cikin masu K ba ta ga garinsu ba, layi ya yi tsawo a bayanta, mai shago ya ce, "Ke zaɓi Kankiya kawai mu wuce, ai kusa ne." Ranar tantancewa takardar shaidar ƙaramar hukumarta ta saɓa da fom. Ku zaɓi tsarin jerantawa na Unicode da ke ajiye Ƙ kusa da K, ko ku ƙara gurbin lambar jeri ku tsara da kanku. In akwai wurin bincike, wanda ya buga Kankara da K ya samu garinsa, domin ba kowace waya ke da haruffan a kusa ba. Shawarata ita ce teburin ya riƙe rubutu biyu: yadda sunan yake a takardun hukuma, da yadda masu garin suke rubuta shi.

Game da zaɓin "Sauransu", kada ku hana shi inda jerin ba zai taɓa cika ba, kamar sana'o'i ko unguwanni ko makarantun da mutum ya yi. Ku ba da shi tare da gurbin rubutu. Amma abin da mutum ya rubuta kada ya faɗa teburin kai tsaye, in ba haka ba cikin wata guda za ku ga tela iri huɗu, wani da babban baƙi, wani da tazara a ƙarshe, wani da kuskuren harafi. Ya tsaya a gefe har mai kula ya duba. Ku sa wa teburin ƙa'idar hana maimaici. In kuma maimaicin ya riga ya shiga, a fara kwashe mutanen layi ɗaya a mayar da su ɗayan, sannan a yi wa fankon ritaya.

Ba kowane jeri ne ke buƙatar rumbu ba. Watannin shekara ba za su ƙaru ba. Tambayar da amsarta i ce ko a'a, maɓalli biyu a fili sun fi akwati sauƙi. Jerin da lissafin manhaja ya dogara da shi kuwa, kamar "an biya" da "ba a biya ba", ko yana cikin tebur a kulle shi, kada kowa ya iya taɓawa daga shafin kulawa.

Shafin kulawar nan wajibi ne ku gina shi, ku miƙa wa masu aikin. Na san akwai masu barin jerin a hannunsu da gangan, don duk ranar da za a ƙara banki guda sai an kira su an biya. Wannan ba sana'a ba ce, riƙe wuyan mutane ne, kuma ranar da suka gane ba za su ƙara ba ka aiki ba, ba za su kuma yi shiru a gaban wasu ba. Ka gina musu shafin da za su ƙara abu, su gyara suna, su yi ritaya, su dawo da wanda aka yi wa ritaya bisa kuskure. Kada ka sa maɓallin sharewa ga abin da ko mutum ɗaya ya taɓa zaɓa. Kafin a adana gyaran suna, shafin ya faɗa wa mai gyara adadin bayanan da abin zai shafa. Wanda ya ga an ce mutum dubu biyu suna rataye a layin nan, zai sake tunani kafin ya rubuta wani abu a kai. A taƙaita masu izini, kuma kowane gyara ya bar sawu: wa ya yi, yaushe, me ke wurin a da. Wannan sawun kariya ne ga akawu mai gaskiya kafin ya zama hujja a kan marar gaskiya.

Ina roƙon kowannenku da ke da aiki a hannu ya yi wannan gwaji kafin ya miƙa. Ka yi rajistar mutum da wani zaɓi, ka je ka yi wa zaɓin ritaya, ka buɗe shafin gyara bayanan mutumin, ka sauya lambar wayarsa kaɗai, ka adana, sannan ka leƙa rumbun da idonka. In lambar zaɓin ta sauya, aikin bai gamu ba. Kada ka karɓi cikon kuɗinka sai ka gyara.